Falukar Alhaji a Saman Bene

A shekarar da kasuwar Ataba ta Alƙahira ta yi sanyi, masu zuwa sari daga gida suka ɗauke ƙafa saboda hargitsin gari, a ita ce maigidana ya ga ya dace ya sayi jirgin ruwa. Jirgin ruwa fa! 'Yar faluka ce ta hannu, ta katako, irin wadda iska ke turawa da ƙyalle. Ina shanya a saman benenmu na unguwar Ardul Liwa sai na ga ƙarti suna janyo ta da igiya kamar kujera, bawwabi mai gadin gidan yana ƙasa yana ta "yalla, yalla" ba tare da ya taɓa igiyar ba.

Na ce, "Alhaji, lafiya kuwa?"

Ya ce, "Hajiya, alkawari zan cika."

Alkawarin ya tsufa. Alhaji mutumin Yawuri ne, a bakin kogi ya tashi, ni kuwa ban san wani ruwa ba sai na randa. Tun yana zuwa zance gidanmu ya ce wata rana zai ɗora ni a jirgi, shi da hannunsa zai tuƙa. Sai abinci ya kawo mu Alƙahira, ya shekara da shekaru yana ɗaure katan-katan na abaya, kogin Nilu kuwa sai dai ya hango shi ta tagar mota. Ga shi mun riga mun yanke komawa gida bayan Babbar Sallah. In jirgin bai taɓa ruwa kafin nan ba, khalas, an gama.

Inda ya kwafsa shi ne da ya nemi shawarar ɗalibai kan wurin da za a saka jirgin a ruwa. Kowace Juma'a 'yan ƙasarmu masu karatun addini sukan hawo, su zauna a inuwar falukar, ni kuma in tuƙa tuwo da miyar kuka. Nan da nan suka kafa kwamiti, har da shugaba da mataimaki. Wani ya ce a gwada wajen unguwar Dokki. Aka je aka tarar kulob-kulob da gidajen abinci sun katange gaɓar kaf, ko kyanwa ba ta da wurin shan ruwa. Wani ɗan Nijar ya zana taswira a ƙurar daɓe, ya yi bayani da Faransanci, kowa ya ce tamam, ba wanda ya gane. Sai wani gwanin fiƙihu ya tambayi hukuncin alƙibla idan jirgi ya juya ana cikin salla. Wayyo ni! Wannan mas'ala ta cinye mini buhun gari. Wanda aka aika neman izini kuwa kullum amsa ɗaya yake kawowa, wai an ce ya dawo gobe.

Na ce, "Malamai, jirgin nan fa ba Makka za shi ba."

Shugaban ya ce, "Gaskiyarki, Hajiya. A ɗan ƙaro miya."

A nan na farga cewa ranar da aka yanke hukunci, ranar tuwo zai ƙare. Juma'ar da ta biyo baya na ba su shayi tsura. Kafin la'asar an yi ijma'i: akwai wata gaɓa can kudu da gari inda manoma ke wanke jakuna, ba mai hana kowa.

Alhaji ya tashi da murna ya shafa cikin jirgin, sai na ga hannunsa ya tsaya. Hasken rana na shigowa ta tsakanin katakan. Duk watannin da aka yi ana muhawara, zafin Alƙahira ya busar da falukar har ta dare. Ni ce na yi ta masifa, don wallahi tausayinsa ya kama ni har cikin ƙashi.

Ya ce in aka cika ta da ruwa katakon zai kumbura ya haɗe, amma sai an yi haƙuri. Muka yi ta jido da bokiti. Ruwan ya bi ta ƙasa ya sauka a ɗakin maƙwabciyarmu Bamisriya, ta hawo tana kururuwa, bawwabi ya rantse ba za a ƙara ko kofi ba. Ƙarshenta ita Alhaji ya ce zai bar wa jirgin in mun tafi, ta ce agwaginta za su ji daɗinsa.

Ranar jajiberin tafiyarmu, an gama ɗaure kaya, ya kira ni sama bayan la'asar. Ya kafa sandar jirgin, ya ɗaga ƙyallen.

"Bismillah, Hajiya. Shiga da ƙafar dama."

Na shiga na zauna, ƙafafuna cikin ɗan guntun ruwan da ya rage. Iska ta taso ta cika ƙyallen har katako ya yi ƙara. Ya zauna a baya ya kama matuƙi, ya nuna farantan dish na maƙwabta ya ce ga tsibiri can, ga inda dorina ke kwana, nan kuma mahaifinsa ke jefa taru.

"Ki riƙe da kyau, ruwan nan yana da ƙarfi."

Na juya da niyyar in ce masa Allah ya kawo mu gaɓa lafiya, mai jirgin bene. Sai na ga idanunsa sun cika, ba ni yake kallo ba. Na haɗiye maganata, na sa hannu biyu na riƙe gefen jirgin da kyau.