Sallau Da Kawun Da Ya Zaɓa Ta Bargo

Wata rana wani bawan Allah mai suna Sallau ya shiga asibiti da babbar riga da ledar lemu, ya tsaya a barandar da masu jinya ke zama, ya fara ba su labarin kansa.

Wai duk dangi babu wanda ya san Kawu Maiwada kamar shi. Ko tari Kawu ya yi, shi ya san ma'anarsa. Wai a gabansa ya girma, a kwano ɗaya suke ci.

Gaskiyar magana kuwa, rabon da ya sa Kawun nan a ido tun kafin shi Sallau ya ajiye tumbi.

Kawu Maiwada shanyewar ɓarin jiki ce ta kwantar da shi, bakinsa ya mutu, sai ido kawai. 'Yarsa Delu ce ke jinyarsa, kuma a lokacin ta tafi famfo wankin zannuwan gado.

Ana cikin haka sai ga wata nas, Sista Rifkatu, ta fito tana tambayar wa ke tare da Malam Maiwada.

Kafin ta rufe baki Sallau ya miƙe.

Ta yi masa bayani a natse. Bincike take yi kan gyambon kwanciya, wanda ke fito wa marar lafiya a baya idan ya daɗe a gado. Duk wanda ya shiga, za a riƙa ɗaukar hoton bayansa lokaci zuwa lokaci, masana su duba.

Ta ce akwai kwamitin da ke tantance irin wannan aiki, kuma sai da suka kafa mata sharuɗɗa kafin su bari. Marar lafiyar da ba ya iya magana, dole a samu wanda ya san halinsa ya amsa masa da abin da shi kansa zai so. In an ƙi, ba abin da zai ragu a kulawar da ake ba shi.

Sallau ya ce ai Kawu mutumin hoto ne, ko biki aka je shi ke fara gyara hula. A ɗauka kawai, gaba da baya.

Sista ta ce saura sharaɗi ɗaya. Ba a amsawa a baranda. Sai an je gaban gadon an maimaita komai a kunnen mai jikin, a kalli idonsa.

Nan Sallau ya fara neman hanyar zamewa.

Amma masu jinya sun riga sun taso suna bin su a baya, kowa yana son ganin ɗan halak da kawunsa.

Suka shiga ɗakin maza. Sista ta tsaya wanke hannu a bakin ƙofa, ta ce ya yi gaba.

A lungu tsofaffi biyu ne kwance. Duk sun rame, duk an aske musu kai, duk furfura.

Ya tambaya? Ina. Wanda ya san ma'anar tari ba ya tambayar gado.

Sai ya duba barguna. Ɗaya sabo mai laushi, ɗaya ya sha wanki har ya koɗe. Ya ce a ransa danginsu ba za su rufe Kawu da tsumma ba.

Ya zube a gaban mai sabon bargo, ya kama hannunsa, ya matso hawaye. Yana ta Kawu ka gane ni, Kawu ɗanka ne, Kawu ka tuna kwanonmu.

Tsohon ya buɗe ido, ya ƙare masa kallo.

"Yaro, kai kuma ɗan gidan wa?"

"Allahu Akbar! Jama'a ku shaida, ina taɓa shi bakinsa ya buɗe!"

"Bakina dama a buɗe yake. Ni ƙafa ce ta kawo ni."



Sista Rifkatu ta ƙaraso tana goge hannu, ta ce masa Malam Maiwada yana bayansa.

Ya waiwaya a hankali. Mai koɗaɗɗen bargo ya kafe shi da ido, da alama tun shigowarsa yake kallonsa.

Daidai nan Delu ta shigo da bokiti a ka. Ita da Sallau taubasai ne, don haka ba ta raga masa ba. Ta ce sannu da zumunci, ashe har an yi sabon kawu ba a gayyace su walima ba.

Sista ta sake yin bayanin tun daga farko, wannan karon a gaban gadon da ya dace. Delu ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce Baba ko hoton katin ɗan ƙasa sai da aka yi ta lallaɓa shi. Mutumin da ko a gidansa ba ya zama babu riga, ba zai yarda baƙi su riƙa kallon bayansa ba.

Sista ta sunkuya ta tambayi Malam Maiwada ko haka ne. Ya lumshe ido, ya buɗe.

Ta ce shi ke nan, ba za a sa shi ba, kuma za a ci gaba da juya shi da shafa masa magani kamar kullum.

Sallau dai yana nan a durƙushe. Ya yi ƙoƙarin zare hannunsa ya sulale, tsohon nan mai sabon bargo ya ƙara damƙewa.

"Tunda ka zama ɗana, zauna ka ɓare min lemun nan."

Haka ya zauna a gaban kowa, da babbar riga, yana ɓare lemu.

Darasi: Idan mutum ya rasa bakin magana, jikinsa da mutuncinsa suna nan nasa. Kada ka amsa a madadin wanda ba ka san abin da yake so ba. In ba ka sani ba, ka ce a jira wanda ya sani.

Ku tura wa danginku, musamman wanda ba a ganinsa sai ranar rabon naman suna.