Ni da Sarkin da Ya Kulle Matan Alƙahira

Shekara uku na yi ina zagin matacce. Wani sarki ne da ya mulki Masar wajen shekara dubu da suka wuce, a kansa na rubuta kundin digirina na biyu a Alƙahira. Ba sai na kama sunansa ba. Ka ce wa kowane mai tasi "sarkin nan da ya hana shan miyar lalo", zai yi dariya ya kwatanta maka masallacinsa, can jikin tsohuwar ganuwa.

Yana yaro ya hau gadon mulki, ya girma ba mai ce masa bari. An ce ya sa an karkashe karnukan birni don haushinsu ya dame shi. An ce waziransa kaɗan ne suka mutu a kan shimfiɗarsu. Doki bai dame shi ba, jaki yake hawa yana zaga gari yana duba wanda ya karya doka. Ƙarshensa ma a kan jakin ne: ya nufi dutsen bayan gari, bai dawo ba. Aka tsinci jakin, aka tsinci riguna da jini, gawa kuwa babu. Wanne ne gaskiya, wanne ne ƙarin gishirin maƙiya, malamai har gobe suna jayayya. Ni dai abin da ya fi ba ni haushi shi ne dokarsa a kan mata. Shekara bakwai ya hana su taka titi, kuma don kada wata ta yi gigin fita, ya hana dukawa ɗinka takalmin mata. Nakan buga tebur a ɗakin karatu in ce wa abokaina wannan ba sarki ba ne, annoba ce.

A lokacin ina da mata. Shekarata ta biyu a Masar na je gida aka ɗaura mana aure, muna son juna, na taho da ita. Na kama haya a unguwar Ainu Shams don can ne aljihun ɗalibi ke iya numfashi: ɗaki biyu a hawa na huɗu, babu baranda. Tagoginmu duka suna kallon wani rami ne da Misirawa ke bari a tsakiyar bene daga ƙasa har sama don shan iska, suna ce masa manwar. In ka leƙa, bututun ruwa za ka gani da tagar kicin ɗin wasu. Rana ba ta sauka cikinsa.

Satinmu na farko wani mai sayar da tukunyar gas ya yi ta dukan ƙofa ina makaranta. Ba ta jin Larabcinsu, ta tsorata, na dawo na same ta ido jawur. Washegari da zan fita sai na murza mukulli ta waje na jefa shi a aljihu. Mukullin guda ɗaya ne. Na ce mata na kwana biyu ne, kafin ta saba.

Kwana biyun nan ya kai shekara biyu da wani abu. Kuma wallahi ban taɓa jin ina yin laifi ba, wannan ne abin da har yau yake cina. A garinmu kulle mutunci ne. Mahaifiyata ta tsufa a kulle, ban taɓa jin ta yi ƙorafi ba. Abokaina ɗalibai suna yabona, wai ni ne na riƙe al'ada a garin da mata ke gogayya da maza a jirgin ƙasa. Ni kuma in kumbura kamar an naɗa ni alƙali. Cefane ni ne, zubar da shara ni ne. Na fita bayan asuba, sai bayan magariba. Ranar Juma'a ma, daga masallaci sai unguwar Hay el-Sabi' wurin 'yan gida, a sha shayi a yi musu.

Ita mai jin labari ce, ni kuma mai son a saurare ni, to sai aka dace. In na dawo ta ajiye mini tuwo, ni kuma in kwance mata jakar sarkina. Wata rana na ba ta labarin mutum-mutumin takarda. An ce da kulle ya ishi matan tsohon birni, sai suka haɗa siffar mace da takarda, suka yafa mata mayafi, suka sa mata wasiƙa a hannu, aka tsayar da ita a hanyar da yake bi. Ya zaci mai kawo kuka ce, ya sa aka karɓo wasiƙar. Da ya karanta, sai ya ba bayinsa umarni su cinna wa unguwar wuta.

Ta ajiye cokali ta ce, "Malam, me suka rubuta a ciki?"

Na ce littattafai sun ce zagi ne kawai, ba wanda ya kawo lafazin.

Ta ce, "Ba zagi ba ne. Ni na san abin da suka rubuta."

Na yi dariya, na ce to ga sabuwar malamar tarihi, gobe sai ta raka ni gaban masu jarrabawa. Ita ma ta ɗan murmusa ta kwashe kwanuka. Ban tambaye ta ba. Mutumin da ya yi wata shida yana bin ɗakunan karatu don gano ko jakin sarki baƙi ne ko toka-toka, bai tambayi matarsa abin da take nufi ba.

A hawa na uku, daidai ƙarƙashinmu, akwai wata tsohuwa Bahaushiyar Sudan, kakanninta sun fito aikin Hajji a ƙafa suka zauna a hanya. Yaƙi ne ya koro ta Alƙahira wurin 'yarta. Ƙanshin daddawa ta ji yana saukowa ta manwar, ta ɗaga kai ta yi sallama da Hausa. Tun daga nan suka ƙulla. Tsohuwa ta leƙo ta tagarta, matata ta leƙa ta tata, wuya a karkace, suna hira. Da igiya suke miƙa wa juna ɗanɗanon miya. Fiye da shekara suna haka, hannunsu bai taɓa haɗuwa ba.

Ita ce ta tare ni a matakala wata safiya, tana zaune a kan kujerar roba kamar tun jiya take jirana. Na durƙusa na ce, "Iya, ina kwana?"

Ta ce, "Kwana na Allah ne. Ɗan nan, uwarka tana kulle, ko?"

Na ce eh.

"Gidanku akwai tsakar gida?"

Na ce akwai, har da darbejiya.

"Akwai ƙofa a katanga da take shiga maƙwabta? Tana zuwa suna da biki in rana ta faɗi? Mata suna shigowa daka da kitso?"

Na ce haka ne.

Ta ce, "To uwarka kulle take yi. Wannan yarinya kuwa ajiye ta ka yi, kamar buhun gero. Ta ce mini kana rubuta littafi a kan wani mugun sarki. Laifi tudu ne, ɗan nan. Ƙafafunta ciwo suke, wata uku ke nan, ta hana ni faɗa maka don kada karatunka ya taɓu. Khalas, shi ke nan, na faɗa."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Har na hau jirgi ina tsara amsar da ya kamata in ba ta, da aya da hadisi. Tasha biyu na yi na sauka na komo. Na buɗe ƙofa ba ta zaci dawowata ba, na same ta tana tafiya daga kicin zuwa ɗaki tana dafa bango.

Saukowa hawa huɗu ta ɗauke mu kusan rabin awa kafin mu kama hanyar asibiti. Likitar mace ce, dattijuwa. Ta sa aka ɗebi jini, muka koma bayan kwana biyu. Ta ce abu biyu ne: akwai ciki na wata uku, sannan ƙasusuwanta sun yi laushi saboda rashin rana. Ta cire tabarau ta dube ni ta ce, "Rashin rana, a Masar? A ina kuke zaune, cikin rijiya?" Matata ce ta cece ni, da ɗan guntun Larabcin da ta tsinta ta taga. Ta ce, "Ma'alish," wato ba komai. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

A ranar na yanko mukulli na biyu na damƙa mata. Na ɗauka shi ke nan, an gyara. Ta karɓa da hannu biyu ta yi godiya, ta rataye shi a ƙusa. Bai motsa daga nan ba. In tsohuwa ta hau ta ja ta zuwa rufin bene shan hantsi, takan bi, ta zauna a takure. Titi kuwa ko an roƙe ta ba ta zuwa. Ƙarar mota firgita ta take yi, taron mutane ya sa ta haki. Na ce mu je ta ga kogi, mu je ta ga dala, ta ce sai ta ji sauƙi. Hirar ma ta daina nema. In na soma zancen sarki sai ta tashi ta shiga kicin, ni ma daga baya na daina.

Da cikin ya tsufa iyayenta suka ce ta zo goyon ciki, kamar yadda ake yi a haihuwar fari. A tasi, hanyar filin jirgi, na rikice ina nuna mata gari ta gilashi, ga masallaci, ga gada, ga fadar wane, ina so in cusa mata Alƙahira duka a cikin rabin awa. Kanta na sunkuye. Ta ce, "Bar shi, Malam. Na gaji."

Ta haifi mace. Aka yi suna, aka gama wanka, aka yi arba'in, ba ta dawo ba. Na aika manya, na je da kaina har sau biyu. Ba ta zage ni ba, ba ta kai ƙarata wurin kowa ba. Ta ce wa mahaifinta ban taɓa dukanta ba, ban taɓa barinta da yunwa ba, amma in ta tuna ƙarar mukulli ta waje numfashinta ɗaukewa yake. Na ce zan baro Masar ɗin gaba ɗaya. Ta ce ba Masar ba ce. Na ba ta takardarta ina kuka, ita ma tana kuka.

Kundin ya fito, an yaba, har yanzu ina nan Alƙahira ina fassara wa 'yan kasuwa da masu zuwa asibiti. 'Yata tana wurin uwarta, ta shiga aji uku, muna waya duk Juma'a. Kwanan baya aka ba su aiki a makaranta, kowa ya kawo labarin wata ƙasa daga bakin wanda ya taɓa zama a cikinta. Ta kira ni tana zumuɗi.

Ta ce, "Baba, kai za ka faɗa mini yadda Masar take. Na tambayi Umma, ta ce ita ba ta taɓa ganinta ba."