Matar da Ta Tace Sau Biyu

A masana'antar tankunan ruwa, Gwaggon Awo ake ce mata, har waɗanda suka girme ta. Ɗakin aikinta yana ƙarshen baranda, mai taga ɗaya da warin sinadari. Da ƙuruciyarta ta shige shi, a cikinsa furfura ta same ta.

Aikinta auna roba. Roba, in ji ta, tarin sarƙoƙi ce da ido ba ya gani, wasu dogaye, wasu gajeru, kuma ƙarfin tanki yana ga yadda suka kasu. Takan narkar da ɗan gutsure a sinadari, ta tura ruwan cikin siririn bututun na'ura. Dogayen su riga fitowa, gajerun su biyo baya, allon na'urar ya zana layi mai kama da tudu. Idan tudun ya yi kyau, ta sa hannu, a fara zubin tankuna.

Ƙa'idar shugaban sashe ita ce a tace ruwan tukuna, kada gudaji su toshe bututun. Ba ta taɓa tsallake ta ba. Da aka sauya mai kawo musu roba, sai matacin da take danna ruwan ta cikinsa ya fara cijewa a ƙarƙashin yatsanta. Don tsabar kula, ta koma tacewa sau biyu. Tudun ya riƙa fitowa sumul, ita kuwa tana jefa matacin a kwandon shara.

Tankuna suka fara tsagewa a gidajen mutane, har da nata. Masu bincike suka gano cewa lalatacciyar robar ba ta narkewa. A matacin take maƙalewa, lafiyayyar kaɗai ke isa na'ura.

"Ranka ya daɗe, kai ka ce a tace," ta ce wa shugaban.

"Na ce a tace, Gwaggo. Na ce sau biyu? Kuma sa hannun wa ke ƙasa?"

A ranar aka sallame ta. Shi kuwa aka ba shi jagorancin kwamitin gyara.

Yanzu tana gida. Idan ta tankaɗe gari, sai ta tsaya tana jujjuya tsakin da ya rage a rariya.

"Ke dai ba ki da dama," mijinta kan ce. "Yau ma sai an gama awo za mu ci?"

"Bari in ga abin da zan zubar tukuna, maigida," takan ce, ba tare da ta ɗago kai ba.