Ta'aziyyar Da Na Ƙi Amsawa

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai Sada makwancinsa. Kowace shekara sai in ce zan rubuta wani abu a kansa, in ɗauki biro in ajiye. Ba mantuwa ba ce. Duk ta inda na ɓullo wa labarinsa sai in tarar da kaina a ciki, kuma ba a wurin da nake so a gan ni ba. Bana dai na gaji da ɓoyo, ga shekaru sun ja, gwiwa ma ta fara ƙin sallar tsaye.

Sada abokina ne tun muna firamare a Daura. Ni na zama malamin makaranta, shi ya zama gandiroba, nakan tsokane shi in ce waɗanda suka ƙi jin maganata su yake kullewa. Da ya yi ritaya na zaci zai samu benci a ƙofar gida ya rungumi rediyo kamar kowa. Ina! Sai ya ɗora wa kansa aikin da ba wanda ya sa shi. Duk ranar da za a saki wani, Sada na bakin gidan yari da tsohon babur ɗinsa. Ya kai mutum wurin mai aski, ya ba shi riga daga cikin nasa, ya nema masa inda zai kama sana'a. Akwai wani Ibo mai sayar da kayan gyaran babur da Sada ya dama har ya saba, in ya hango shi sai ya ce, "Baba, yau kuma wa ka kawo mini?"

Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ya sa wasu suke sauya hanya in sun hango shi, wata al'ada ce tasa. In rai ne ya salwanta a hannun wanda aka sako, Sada ba ya kai shi gidansu sai ya fara kai shi gidan mamacin ya yi ta'aziyya, ko shekara nawa aka yi. Cewa yake yi kotu ta gama nata, amma mutumin nan yana tsare aka yi zaman makoki, bai zo ya ce Allah ya jiƙa ba, kuma muddin bai faɗa an amsa masa ba, shi da mutanen nan ba za su haɗa sahu ko rijiya ba. Shekarun farkon shari'a ne, bakin kowa haddi da ƙisasi. Sada ya ce shi ma ya yi karatu gwargwado, kuma inda aka ambaci ƙisasi nan aka ambaci afuwa, mutane ne ba sa karantawa har ƙasa. Ni kuwa ina yaba masa a majalisa, na ƙi kawo wa raina cewa wata rana ƙofata zai tsaya.

Yayana Isiya manomi ne a ƙauyenmu, kan hanyar Dutsi. Wata kaka shanu suka faɗa masa gona gero na tsaye. Aka yi cacar baki, mutanen gari suka fito, mutanen ruga suka fito, aka ƙona bukkoki, aka ji wa da dama rauni. Isiya kaɗai ya rasu, sanda ɗaya a ƙeya. Wanda ya buga ta sunansa Buba. Mu mun so ƙisasi, kotu ta ce ba da niyya ba ne, ta ɗaure shi shekara bakwai. Ni na riƙe 'ya'yan Isiya, ni ne kuma babban da ya rage a gidan.

Wata Laraba da hantsi ina zaure na ji tsayuwar babur. Sada ya yi sallama, a bayansa wani siririn mutum da sabon aski, sanye da rigar da na sani a jikin Sada. Kallo ɗaya na gane shi.

"Malam Haruna, baƙo na kawo maka," in ji Sada. "Gaisuwa ya zo yi."

Buba ya durƙusa daga bakin ƙofa, bai shigo ba. Ya ce, "Allah ya jiƙan Isiya. Allah ya ba ku haƙuri."

Amin kawai ake jira daga bakina. Na miƙe, na naɗe tabarmar da nake kai, na shige gida na bar su tsaye. Har yau in na tuna sai in ji kunya da fushi tare, ban san wanda ya fi ba. Sada bai sanar da ni zuwansu ba, daga baya kuma ya amsa laifinsa. Ya ce, "Na yi kuskure. Na ɗauka kai ne mai sauƙi cikin waɗanda nake kai wa gaisuwa."

Labari ya kai ƙauye kafin la'asar. Tunda ni ban amsa ba, ba wanda ya isa ya amsa. Aka hana Buba kasuwa, aka hana shanun danginsa mashaya, har ya kwashi iyalinsa ya yi wajen Mashi. Sada bai daina zuwa wurina ba. Duk Juma'a bayan masallaci sai ya zauna mu yi hirar duniya, in zai hau babur ya ce, "Mutumin nan fa yana nan da ransa." Ni kuma in ce ya gaida gida. Shekara biyar muka yi a haka har Allah ya karɓe shi.

Yanzu in na kunna rediyo ba abin da nake ji kamar sulhu. Manya su tafi cikin jerin motoci, a zauna ƙarƙashin rumfa, a yi musabaha, a ɗauki hoto, kowa ya watse. Na san abin da Sada zai tambaya: an je gidan mamacin? Wa ya durƙusa, wa ya amsa? Ba na jin zai yi fushi, gajiya zai yi, irin wadda ni ma nake ji. Kwanaki na wuce ta bakin gidan yari na ga wani da 'yar leda a hannu, yana duba dama da hagu, ba wanda ya zo tarbarsa. Na rage tafiya kaɗan, sannan na wuce, don ni ba Sada ba ne.

Bara bayan babbar salla na shiga mota zuwa Mashi ranar kasuwa. Ba zan ce zuciyata ta huce ba, tsoron mutuwa ne ya kai ni. Na yi tambaya a kara, inda ake sayar da dabbobi, aka kwatanta mini rugar su Buba, mai acaɓa ya sauke ni. Na tarar da wata dattijuwa tana wanke ƙore, ita ce matar Buba. Ta ce damina biyu ke nan da rasuwarsa. Na durƙusa na ce Allah ya jiƙansa, ta ce amin ba ta ko tsaya ba. Da ta tambaye ni daga ina, sai na ɓoye sunana, na ce ni abokin Malam Sada ne.

Ta dube ni ta ce, "Ai na san ka, Malam, na gan ka a kotu. Kai ne ƙanin Isiya. Duk ranar da ya dawo daga kasuwa sai ya tambaye ni ko wani ya zo daga Daura."

Sada bai bar ofis ba, bai bar allo da sunansa ba, babur ɗin ma magada sun sayar. Abin da ya bari wasu mutane ne da suke sallah yau kafaɗa da kafaɗa da waɗanda suka ɓata wa, ba mai tuna yadda aka yi. Inda ya fi sa rai kuwa nan ya kasa, kuma ba laifinsa ba ne.

Allah ya jiƙan Sada, ya haskaka kabarinsa. Allah ya jiƙan Isiya. Allah ya jiƙan Buba, ya yafe masa, ni ma na yafe, ko da yake ba ya nan balle ya ji.