Ranar da muka tsare wa Baba Haruna inuwarsa

Da safen nan ina cikin share ƙofar shago labari ya same ni: Baba Haruna ya rasu a Argungu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Tsintsiyar ma ban san inda na yar da ita ba.

Ga wanda bai san shi ba, shi ne dattijon nan mai yawo da bokiti, tsohon ma'aikacin gandun daji, wanda ya dasa itatuwan filin da ke tsakiyar layinmu a Badariya. Dogon yaro ne da yawa, sai ceɗiya ɗaya babba a tsakiya. Ni Hadiza tela, shagona yana kallon filin, don haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba, gani na yi.

Tun yanzu in faɗa, kar a juya mini magana: jinya ya yi, ajalinsa ya zo. Ban ɗora wa kowa mutuwarsa ba. Abin da ya biyo bayanta ne ya hana ni sakat.

Lokacin da na kama shagon nan, rana takan shigo mini daga azahar har yamma. Ƙarfen keken ɗinki ya ɗau zafi, mai kawo ɗinki ta ajiye ta gudu ko gwaji ba ta tsaya ba. Ya zo ya tsaya a ƙofa yana kallon yamma, ya ce, "Ɗiyata, hwanka ba ta maganin wanga zahi. Icce za mu sa nan, inda rana ka hwaɗuwa."

Na ce ba na son dogon yaro, zubar da ganye gare shi.

Ya ce, "To ki share."

Ya dasa, ya kewaye shi da ƙaya saboda awaki, ya yi ta ba shi ruwa har ya kama. Ganyensa nake sharewa yau aka gaya mini.

Ba zan ce mai sanyin hali ba ne. Baba akwai faɗa. Ka ɗaure akuya a jikin itace, ko ka buga ƙusa ka rataye fosta, sai duk layi ya ji sunanka. Ni kaina ya taɓa sa ni cire allon shagona da hannuna, yana tsaye a kaina har na zare ƙusar. Amma in ya gama faɗan, shi zai kawo maka benci ya ce zauna ka sha iska.

Bara aka kafa kwamitin gyaran unguwa, da wani Alhaji a matsayin shugaba. Ba zan kama suna ba, 'yan layi sun sani. Suka ce za a zamanantar da fili. Aka fara da rabin yamma: aka sare itatuwa, aka shimfiɗa tubalin simintin nan da ake kira intalok, aka dasa dabinon ado ɗin nan da inuwarsa ko kaza ba ta isa ba, aka jera kujerun siminti. A hoto ya yi kyau, wallahi ni ma na sa shi a sitatus ɗin wayata.

Amma je ka zauna. Daga hantsi kujerun nan kamar tanda suke. Har bayan magariba ƙasan yana huci, gidajen gefen suna kukan ɗakunansu ba sa hucewa. Tsofaffi masu hawan jini, da 'yan acaɓa, da masu jiran yara daga makaranta, kowa ya dawo ɓangarenmu. Maƙwabciyata Maman Rifkatu, 'yar Filato mai kunun zaƙi, ita ma ta kwaso kularta ta dawo ƙarƙashin ceɗiya, don a can kafin azahar ƙanƙararta ta narke.

Baba bai ƙi gyara ba. Cewa ya yi a kawo kujerun ƙarƙashin inuwa, a bar ƙasa ta sha ruwan sama, a bar wa iskar fadama hanyar wucewa. Aka ce masa an riga an zana, rabin gabas, wato namu, ma haka za a yi. Ya ce sai dai a sare da shi. Daga nan Alhaji ya daina gaishe shi.

Ba a jima ba manyan dogon yaro biyu suka fara bushewa daga sama, ba gaira ba dalili. Baba ya tona gindinsu, ya ɗebo ƙasa ya miƙo mini in sansana. Warin baƙin mai. Kwamiti suka ce gara ce. Wataƙila garar Badariya ta fara shan baƙin mai, ni dai ban sani ba, ɗinki na koya.

Ganina da shi na ƙarshe, ranar da 'ya'yansa za su tafi da shi Argungu jinya ne, ana tsakiyar zafin bazarar nan. Ya dogaro sanda ya zauna a bencina yana haki. Ya daɗe yana kallon ceɗiyar, sannan ya ce, "Hadiza, ba a sare icce da mutum zaune ƙarƙashinai. Ko wa ya aiko su, sai sun ce ki tashi. To kak ki tashi."

Na yi dariya na ce, "Baba, ɗinkin mutane fa?"

Ya ce, "Keken naki an binne shi ƙasa na? Ki ɗauko shi."

Na ɗauka rigimar tsufa ce.

To yau, labari bai gama zaga layi ba sai ga bas-bas sun jeru a bakin titi. Alhaji ne ya ɗauko, kowa ya shiga a je jana'iza Argungu. Alheri ne, Allah ya saka masa. Amma mutumin da ko dubiya bai je ba, shi ne yau yake bin gida-gida yana cewa kada namiji ko ɗaya ya rage. Mai shayi ya rufe, mai faci ya rufe, Baban Rifkatu ma ya shiga. Alhaji ya ce su yi gaba, zai biyo su a motarsa.

Motarsa tana ƙofar gidansa har yanzu, daga nan ina hango ta.

Bas-bas ba su daɗe da tashi ba sai ga wata akori-kura ta tsaya a bakin fili. Maza suka diro da igiyoyi da injin yankan itace. Na ƙwala wa Maman Rifkatu kira, muka ciccibi keken ɗinki muka dire shi a gindin ceɗiya. Na aika gida-gida: duk macen da ke cikin gida ta fito da tabarma. Mu ai ba ma zuwa maƙabarta, wannan ne mai lissafin ya manta. Kafin su gama zuba wa injin mai, babu itacen da ba mace a ƙarƙashinsa, wata da goyo, wata da tsintar shinkafa, wasu ma kukan rasuwar ba su gama ba.

Babban masu injin ya matso ya yi sallama. "Hajiya, ku ɗan gusa, rassa kaɗai za mu ragewa saboda wayar wuta."

Maman Rifkatu ta ɗaga kai sama, ta waiga hagu da dama. "Wace waya, ɗan'uwa? Waya tana can tsallaken titi."

Na ce, "Wa ya aiko ku?"

"Aiki anka ba mu."

"Tun yaushe?"

"Yau da sahe anka kira mu."

Na ce masa wanda ya dasa itatuwan nan ne ake binnewa yanzu haka. Ya ce, "Wallahi ba a gaya muna an yi rasuwa ba." Na yarda da shi, fuskarsa ta nuna. Suka koma gefe suna waya. Rana ta take, kuma abin dariya abin haushi, ba su zauna a kujerun siminti ba, inuwar Baba suka raɓo. Maman Rifkatu ta ba su kunu suka sha. Da za su tafi na tambaye shi me aka ce musu a waya. Ya sosa ƙeya ya ce, "An ce mu dawo in an watse."

Zai yiwu duk dacewa ce. Zai yiwu an kira su ne kafin a ji labari. Allah ya sani, ni dai zuciyata ba ta kwanta ba, kuma ina jin haushi, ba zan ɓoye ba.

Yanzu maza sun dawo, an binne shi lafiya. Na ji an ce gobe kwamiti za su kafa kanofi a kan intalok don karɓar gaisuwa. Mun yi magana da iyalinsa, sun ce a ƙarƙashin ceɗiya za a zauna. Kwanakin makoki kam babu mai taɓa ta. Bayansu ne nake tsoro, ranar da kowa zai koma harkarsa.

Ni dai kekena ya zauna nan. Mai son ɗinkinsa ya same ni a gindin ceɗiya.

Ya Allah, bawanka Haruna ya zo gare ka. Ka gafarta masa, ka yafe masa zafin bakinsa, ka sanyaya masa makwanci yadda ya sanyaya mana layi. Ka sa kowane ganye ya zama masa sadaka mai gudana, ka ba iyalinsa haƙuri.

Duk wanda ya karanta, Musulmi da Kirista, ya sa shi a addu'a don Allah. In kuma kana kusa da Badariya, kar ka tsaya a rubuta amin. Zo ka yi addu'ar a nan, ka taho da tabarmarka, ka ɗan jima kafin ka tashi.