Motar da ba ta shan kowane mai

Jiya akori-kurata ta mutu a hanyar Gafasa, gyadar surukina a baya, shi kuma yana gefena.

Tunda makanike ya ƙara wa injin ƙarfi na rantse sai fetur mai lamba 95 za ta sha, yadda na gani a intanet. Gidajen mai uku na wuce a Gaya ina taɓe baki, har man ya ƙare.

A ƙafa na je wajen wani dattijo mai bumburutu. Na ce, "Baba, man nan lamba nawa ne?"

Ya ce, "Oho. Injin markaɗenmu dai shi yake sha, bai taɓa ƙorafi ba."

Na saya na zuba, bugu ɗaya ta tashi. Surukina ya ce, "Allah ya ƙara ilimi."

Jama'a, ni kaɗai iyayi ya taɓa kunyatawa haka?