Firintar Malam Tamu

A shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi Malam Tamu ya fara sanin Waliyyu, mai gyaran rediyo a Jega Sabon Gari. Waliyyu mutum ne mai yawan dariya, wanda ko guntun waya ba ya jefarwa. Da kwamfuta ta shigo ƙasar bayan wasu shekaru, shi ya fara buɗe cikinta ba fargaba.

Ƙungiyar manoman albasa ta Aliero ta sayo kwamfutoci don koyar da yaran 'ya'yanta, ta ba Waliyyu aikin haɗa su. Malam Tamu, wanda ya tsufa yana buga wa mutane takardu a Maiyama, ya ɗauko firintarsa ta farko har da faifanta, ya kai musu kyauta. Ƙungiya kuwa ta riga ta sayi sabuwa. Waliyyu ya ji nauyin mayar wa dattijo kyautarsa. Sai ya zuba manhajar firintocin biyu cikin faifai guda, irin wanda ke girka komai da kansa, ya kunna, suka tafi azahar.

Da suka dawo, kowace kwamfuta ta tsaya cak. Manhajar sabuwar firinta tana son ture ta tsohuwar ta zauna gurbinta, ita kuma ta ƙi tashi. Waliyyu ya tuntsire da dariya, ya ce laifinsa ne, ya shimfiɗa wa baƙi biyu buzu ɗaya.

Malam Tamu bai yi dariya ba. Ya gane tasa za a cire, ya sunkuya yana naɗe wayarta.

"Baba, aje ta," in ji Waliyyu. "Wagga tsohuwa ba ta gama aiki ba."

Ya cire manhajarta daga faifan, sauran kwamfutoci suka girku lafiya. Guda ɗaya ya ware, ya girka da hannu, ya jona mata firintar dattijon. Ita ta buga takardun shaidar ɗaliban farko, tana ƙara kamar injin niƙa, iyaye na tafi, Malam Tamu na gyara zaman hularsa.

Ribon tawada irin nata ya ɓace a kasuwar Jega, amma bai taɓa yankewa a Aliero ba. Daga bakin direbobi Malam Tamu ya ji cewa Waliyyu ke zuwa har Sakkwato nemansa. Ya daɗe yana tunanin dalili kafin ya tuna: a kan wannan firintar ya koya wa Waliyyu buga sunansa.